Jirgin faiba na hannu daga Legas: me zan duba kafin in biya?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ruwa. An yi mini tallan wani jirgin faiba mai inji, na hannu, yana ajiye a wani gida a nan cikin Gombe an lulluɓe shi da tamfol. Mai shi ya ce daga Legas ya kawo shi shekara uku da suka wuce, ya ɗan shiga Dadin Kowa da shi sau kaɗan sannan ya jingine. Tsawonsa ƙafa 19, injin Yamaha ne mai doki 40 irin wanda ake ɗaurawa a baya, kuma akwai tirelar jansa. Gidanmu na gado yana yankin Dadin Kowa, muna da gona a tsallake, duk hutu nakan kwashi yara mu je. Zagayawa da mota a damina wahala ce, kwale-kwalen haya kuma idan na ga yadda ake loda shi ranar kasuwa hankalina ba ya kwanciya. Jiya na je na gani, fenti sai ƙyalli yake, ya tayar mini da injin a tsakar gida, ja ɗaya ya tashi. Amma ni mota na sani. Me zan duba kafin in ba da kuɗina?

Makaniken_Bakin_Kogi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin komai amsa mini tambaya ɗaya. Da ya tayar da injin a tsakar gida, ƙafar injin tana cikin duro da ruwa, ko a sarari take?

Baban_Khalifa:
A sarari take Malam. Ya bar shi ya yi kamar minti ɗaya yana ba shi wuta, sannan ya kashe.

Makaniken_Bakin_Kogi:
Subhanallahi. To wannan kaɗai ya gaya maka irin riƙon da injin ya samu. Injin jirgi ba shi da lagireto kamar mota, ruwan da yake tafiya a kai shi yake zuƙa ya sanyaya kansa. A cikin ƙafar akwai wata 'yar fanka ta roba, impela muke ce mata, ruwa ne yake jiƙa ta. Idan ta juya a bushe, ko rabin minti ba ta yi take fara ƙonewa, fukafukanta su gutsuttsure su shige hanyoyin ruwa su toshe. Ita kanta ba ta da tsada. Abin tsoron shi ne mutumin da ya yi haka a gabanka ya sha yi a bayanka, kuma wataƙila an taɓa shiga ruwa da injin yana zafi ba a sani ba. Shekara 17 ina gyaran waɗannan injuna a bakin Binuwai wajen Numan, yawancin wanda aka kawo mini ya kama fistin daga nan ciwonsa ya faro.

Idan ka koma, a sa ƙafar cikin duro, ruwa ya rufe ramukan da ke saman farfela sosai. Yana tashi ka duba gefen baya, akwai wani siririn ruwa da yake tsartowa, mu fitsarin inji muke ce masa. Ya fito da ƙarfi ba tsayawa. Idan ɗigo yake yi ko babu, a kashe nan take.

Ɗan_Hinna:
Gaskiya Malam ya faɗa. Ƙari a kan haka, kar ka sanar da shi lokacin zuwanka. Je da sassafe ka ɗora hannu a kan injin ka ji sanyi ƙalau kafin a ja igiya. Injin da aka ɗumama kafin ka zo ko gajiyayye ne zai tashi ja ɗaya.

Ummu_Sadiq:
Baban Khalifa don Allah yaran nawa ne, kuma akwai wanda ya iya ruwa a cikinsu?

Baban_Khalifa:
Biyar ne Hajiya, babban shekararsa 14. Shi kaɗai ya ɗan iya.

Ummu_Sadiq:
To ni abin da zan roƙe ka, kafin kuɗin jirgi ka ware kuɗin rigunan kariya, kowane yaro da daidai jikinsa. Rigar babba idan aka sa wa ƙaramin yaro, yana faɗawa ruwa take zamewa ta kansa. Na yara akwai maɗauri da yake bi ta tsakanin ƙafafu, shi za ka nema. Tun abin da ya faru a Patigi a 2023, da 'yan biki sama da ɗari suka rasu a dare ɗaya, ni ko hoton jirgi na gani sai gabana ya faɗi. Allah ya jiƙansu.

Abu_Fadila77:
Amin ya Allah.

Injiniya_Deba:
Kowa ya tafi kan inji, ni bari in yi maganar gangar jikin, don inji ana sauya shi, jiki idan ya ruɓe an gama. Mutane suna ɗauka faiba ba ta ruɓewa. Ita faibar ba ta ruɓewa, amma a yawancin irin waɗannan jiragen akwai katako a cikinta, musamman bangon baya inda ake ɗaura inji da kuma daɓen da ake takawa. Ruwa yana shiga ta ramukan ƙusoshi, katakon ya jiƙe a ciki shekara da shekaru, daga waje kuwa fes.

Ga yadda nake yi. A ɗaga injin sama, ka kama ƙafarsa da hannu biyu ka danna da nauyinka, wani ya tsaya yana kallon bangon. Idan bangon yana lanƙwasa ko tsaga tana buɗewa a kusurwa, ka yi sallama da mai shi. Sannan ka ɗauki ƙotar sukundireba ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya ƙas-ƙas zai ba ka, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake kamar ka bugi kabewa. Idan ya yarda, a kwance ƙusa ɗaya ta ƙasa-ƙasa, in ruwa mai kalar shayi ya biyo ta ka samu amsa. Daɓen kuma cire takalmi ka taka ko'ina da ƙafa, inda ya lotsa za ka ji.

Fentin da ka ce yana ƙyalli shi ya fi damuna. Jirgin da ya shekara uku a ajiye cikin ranar Gombe bai kamata ya yi ƙyalli ba sai in kwanan nan aka fesa. Tambaye shi yaushe aka yi fentin, kuma me ya sa. Shiga ƙarƙashi da tocila ka haska a karkace, faci yakan nuna kansa ta tudu da kwari.

Ɗan_Hinna:
Injiniya ka manta toshiyar baya. A cire ta a ɗaga hancin jirgin a ga yawan ruwan da zai fito. Wani jirgin soson da ke ƙarƙashin daɓensa ya sha ruwa ya ƙoshi, nauyinsa ya ƙaru, sai ka ga inji lafiyayye ya kasa ɗaga shi.

Injiniya_Deba:
Haka ne, na gode da tunatarwa.

Kawu_Yawuri:
Ni dai ban gane abin da ya kai ku faiba ba. Mu a Yawuri jirgin katako muka gada, kafinta zai ƙera maka daidai yadda kake so, ya ɗauki buhunan masara da iyali gaba ɗaya. Idan ya tsage, kowane ƙauye akwai mai toshe shi da auduga da kwalta da ƙusa. Faiba idan ta daki kututture ta fashe, wa zai liƙe maka a Dadin Kowa? Ɗana, sayi inji mai kyau kawai, jiki a ƙera maka sabo.

Sadauki_GRA:
Kawu da girmanka, amma mutumin nan iyali zai ɗauka ba buhu ba. Na katako kullum cikin kwarfar ruwa ake, ga nauyi, ga shan mai. Kuma dole ya kwana a ruwa, in ka fito da shi ya bushe sai ya tsattsage. Shi da yake zuwa lokacin hutu kaɗai wa zai kula masa da shi? Faiba zai ja abinsa a tirela ya kai gida. Masu gyaran bambar mota ma suna aikin faiba, a nan Gombe akwai su.

Kawu_Yawuri:
Mai liƙe bamba daban, mai liƙe abin da rai zai hau daban. Amma maganar kwana a ruwa ka yi gaskiya.

Makaniken_Bakin_Kogi:
Bari in dawo kan inji don akwai sauran abu uku, kuma na ga ba wanda ya taɓo maganar Legas. Ruwan Legas na gishiri ne. Injin da ya yi aiki a can, idan ba a riƙa wanke cikinsa da ruwan daɗi ba, gishiri yana cin sa daga ciki. Buɗe murfin ka duba kan silinda da kewayen ƙusoshi, idan ka ga farin gari kamar kanwa ko fenti ya kumbura, ya sha gishiri. Irin wannan ranar da za a kwance shi ƙusoshi karyewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, aikin awa biyu ya koma na sati.

Na biyu man giya. A can ƙasan ƙafa akwai sukuru, a sassauta shi kaɗan mai ya ɗigo a farar takarda. Mai lafiya garau yake ko ya ɗan yi duhu. Idan ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa yana shiga. Sau da yawa zaren kamun kifi ne yake naɗewa a bayan farfela ya yanke sil. Idan kuma ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana walƙiya a ciki, haƙoran giya ne suke cin juna, wannan babban kuɗi ne. A cire farfelar ma a duba, a juya sandar a ga ko ta lanƙwashe.

Na uku, wanda ya fi duka, gwajin kwamfireshan. Geji ne ake ɗaurawa a ramin fulogi a ja igiya. Idan samfurin Yamaha da ake kira Enduro ne, silinda biyu gare shi. Ba yawan lambar kaɗai ake dubawa ba, daidaiton su biyun ake so, kar bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Ɗaya ta ba da 120 ɗaya ta ba da 90, akwai ciwo a fistin ko ringi. Makaniken mota mai geji zai iya yi maka wannan.

Baban_Khalifa:
Allah ya saka da alheri Malam, duk ina rubutawa a takarda. Enduro ne, na ga an rubuta a murfin.

Matashi_Kumo:
Enduro ai tsohon yayi ne, hayaƙi da ƙara. Gara ka nemi irin injin da ake kira fo-sitirok, ba ruwanka da haɗa mai, kuma ba ya shan fetur sosai. Shi wancan sai ka riƙa zuba baƙin mai lita ɗaya a fetur lita 25.

Makaniken_Bakin_Kogi:
Ƙanena gyara kaɗan. Ɗaya cikin 25 na lokacin da inji yake sabo ne ana horar da shi. Bayan nan ɗaya cikin 50 ake yi, wato rabin lita a fetur lita 25, kuma man tu-sitirok na jirgi, ba baƙin man mota ba. Maganar shan fetur ka yi daidai. Amma fo-sitirok idan ya lalace a Dadin Kowa sai dai a ɗauke shi zuwa wani gari, shi kuwa Enduro daga Baga har Lokoja duk bakin ruwan da ka je akwai wanda ya san cikinsa, kayansa kuma suna samuwa.

Abu_Fadila77:
Tunda an zo maganar fetur, Baban Khalifa ka yi lissafi tukuna. Mai doki 40 idan ka murɗa shi har ƙarshe yakan sha lita 15 zuwa 20 a awa guda. Tun da aka cire tallafi a 2023 ka san yadda abin yake. Wani abokina ya sayi irinsa da murna, bayan sallah biyu ya koma ƙarƙashin bishiyar mangwaro kaji na kwana a ciki. Ka tambayi kanka me ya sa shi wannan mai jirgin ya jingine nasa.

Sadauki_GRA:
Ba wanda yake tafiya a murɗe har ƙarshe kullum. Idan ka sassauta hannu zuwa kashi uku cikin huɗu, shan man yana raguwa sosai. Tsallakawa gona ai ba tafiyar awa biyar ba ce.

Masunci_Gongola:
Salamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan, amma ruwan da ake magana a kai a cikinsa na girma. Alhaji, jirgin rabin magana ne, sauran rabin sanin ruwan. Tun da aka tare Gongola a shekarun 1980 ruwa ya haɗiye gonaki da itatuwa, kututturansu suna nan a ƙasa har yau. Da kaka ruwa ya cika ba ka ganinsu, da bazara idan ya ja baya suna nan dab da sama, kuma jirgi mai gudu shi suka fi yi wa illa. Ga ragar masunta a shimfiɗe ko'ina, ka bi ta kai ka yanke wa talaka abin cin abincinsa, kai ma ta naɗe maka farfela.

Sai dorina. Akwai su, manoman wajen Hinna sun san ɓarnar da suke yi. Mai ɗa ba ta son a matso, kuma jirgi ƙafa 19 ba komai ba ne a wurinta. Mu mun san inda suke kwanciya da lokacin da suke fitowa. Iskar farkon damina kuma daga gabas take tasowa, kafin ka ankara ruwa ya tashi. Shawarata, ko ka saya kar ka tuƙa da kanka shekarar farko. Je ka gaida sarkin ruwa, ya haɗa ka da yaro ɗan gari da zai riƙe maka inji kana koyo.

Ummu_Sadiq:
Allah ya yi maka albarka Baba. Wannan ita ce maganar da nake jira wani ya faɗa. A ƙara da hana yara wanka a bakin dam, tsargiya a irin ruwan nan take.

Malam_Tudun_Wada:
Wani ɓangaren kuma takardu. Injin jirgi abu ne da ake yawan sacewa, don mutum biyu za su kwance shi su ɗauka. Akwai lamba a jikin maƙalin da yake kama bangon jirgi, a duba ta yi daidai da ta rasit. Idan an kankare ta ko an cire farantin, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a sa lambar a ciki. Kuma ka tambaye shi kai tsaye, don Allah akwai aibin da ka sani? A shari'a wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, idan ya ɓoye kana da haƙƙin mayarwa. Mutane da yawa in an haɗa su da Allah sukan faɗi gaskiya.

Injiniya_Deba:
Ƙari a kan na Malam, hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja ita ke rajistar jirage a ruwayen cikin ƙasa, kuma ta hana tafiyar dare da hawa ba rigar kariya. Ka tambaya ko jirgin yana da rajista a can Legas ɗin. Kar a manta da tirelar ma, daga Gombe zuwa Dadin Kowa tafiyar kusan kilomita 40 ce, tayar da ta shekara uku a tsaye ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. A ɗaga kowace ƙafa a juya a saurari boris.

Matashi_Kumo:
Ni tambayata daban ce. Ruwan Dadin Kowa shi muke sha a Gombe. Waɗannan injunan masu haɗin mai ba a cikinsa suke zubar da sauran mai ba?

Masunci_Gongola:
Suna zubarwa kaɗan, za ka ga shi yana ƙyalli a bayan jirgi. Wanda kafiretonsa ya lalace ya fi zubarwa. Mu ma ba ma so, kifi ke gudu.

Baban_Khalifa:
'Yan uwa na dawo da bayani. Yau da sassafe na je da makanike da duro ba tare da na sanar ba. A sanyi sai ja na shida ya tashi. Fitsarin yana fitowa amma ba ƙarfi. Kwamfireshan 118 da 114. Man giya ya fito fari-fari kamar yadda Malam ya kwatanta, amma ba ɓarɓashin ƙarfe, kuma da aka cire farfela mun tarar da zare a naɗe. Farin garin gishiri akwai kaɗan a ƙusoshi biyu. Bangon baya bai motsa ba da na danna, sai dai kusurwar hagu ta ƙasa sautinta a dushe yake, faɗin tafin hannu. Na haɗa shi da Allah kamar yadda Malam_Tudun_Wada ya ce, sai ya faɗa mini ya taɓa hawa kututture, an yi faci a ƙasa, shi ya sa aka yi fenti. Rasit na nan, lamba ta yi daidai. Ya rage kuɗin sosai, amma da na ce a kai shi ruwa a gwada sai ya ce in fara ba da rabi.

Makaniken_Bakin_Kogi:
Injin nan yana da rai Alhaji. 118 da 114 lafiya lau ne. Impela, sil, man giya, wankin kafireto da sababbin fulogi, aikin yini ɗaya. Ja shida bayan dogon zama ba abin damuwa ba ne. Ni da inji kaɗai ake sayarwa da na ce ka ɗauka.

Injiniya_Deba:
Ni kusurwar nan ce ba ta kwanta mini ba. Ruɓa ba ta tsayawa inda ta fara, abin da ka ji faɗin tafin hannu a waje yana iya ninka haka a ciki. A huda ƙaramin rami daga ciki a ga garin katakon da zai fito, busasshe ne ko jiƙaƙƙe baƙi. In ya ƙi yarda a huda, kai ma ka ƙi.

Kawu_Yawuri:
Kun ga abin da na faɗa tun farko. Ɗana, taya injin kaɗai.

Ɗan_Hinna:
Rabin kuɗi kafin gwaji? Wannan cinikin biri a sama ne. Ka ce kai za ka sayi fetur, ka biya kuɗin ja, ka sa sabuwar impela da kuɗinka, in ba a daidaita ba ta zama tasa. Wanda ya yarda da kayansa ba zai ƙi wannan ba. Kuma ranar gwajin ku shiga da manya shida ko bakwai, kwatankwacin nauyin iyalinka da kayansu, a ga ko doki 40 zai ɗaga shi ya kwanta a kan ruwa. A yi rabin awa ana gudu, a kashe, a sake tayarwa da zafinsa, a sa giyar gaba da ta baya. Da an fito a cire toshiya a ga abin da facin ya sha.

Sadauki_GRA:
Mutumin da ya faɗi maganar faci da bakinsa ban ɗauke shi macuci ba. Wataƙila ya gaji da masu zuwa kallo ne. A ajiye kuɗin a hannun wani dattijo da ku biyun kuka yarda da shi, shi ke nan kowa hankalinsa ya kwanta.

Ummu_Sadiq:
Ranar gwajin dai ban da yara, don Allah.

Baban_Khalifa:
In sha Allahu ban da su Hajiya. Na kira shi, ya yarda da ajiye kuɗin a hannun limamin unguwarsu, amma maganar huda bango ya ce sai ya yi tunani. Baba Masunci_Gongola, idan Allah ya kai mu Asabar, ta wane gefe ya fi sauƙin saukar da tirela yanzu da ruwa ya ja baya?

Masunci_Gongola:
Kar ka kai mota bakin ruwa kai tsaye, laka ce a ƙarƙashin busasshiyar ƙasar, za ta riƙe ka. Ku iso kafin ƙarfe 8, kafin iska ta tashi. Zan turo yarona ya tsaya muku a kan hanya ya nuna muku inda ƙasa take da tsakuwa. Ku taho da igiya doguwa da filafili biyu.